Faifan da Ke Juya Kansa: Bitar Littafin Dustyn Roberts

Duk wanda ya taɓa sayar da hula ta waya ya san inda hoto yake gazawa. Aikin hular zanna zagaye yake yi, hoto kuwa fuska ɗaya yake kamawa. Mai saye yana Legas ko Yamai, sai ya ce a juyo masa bayanta, a juyo gefe, a matso da ɗinkin bakin. Haka abin yake ga takalmin fata da kwalbar turare da ƙwarya mai zane da zoben azurfa. Abin da ke raba gardama shi ne ɗan bidiyo na daƙiƙa 15 ko 20: kayan na zaune a tsakiyar faifai, faifan na juyawa a natse, kyamara na kafe wuri guda. Ana sayar da irin wannan faifai a shirye, amma mutum na iya haɗa nasa da guntun katako da boris da ɗan injin lantarkin nan mai juya sanda, wanda masu gyaran fanka ke kira moto. Matsalar ita ce galibin waɗanda suka gwada, faifan nasu yakan yi gudu fiye da kima, ko ya riƙa fizga, ko ya yi layi kamar tayar keken da ta lanƙwashe.

Littafin da na fi so a kan wannan sha'ani shi ne Making Things Move na Dustyn Roberts, wanda kamfanin McGraw-Hill ya buga a Amurka a ƙarshen 2010. Da Turanci yake, babi 10 ne, kuma ba don masu ɗaukar hoto aka rubuta shi ba. An rubuta shi ne don duk mai son ya ƙera abin da zai motsa alhali bai yi karatun injiniya ba. Sai dai aikin farko a babinsa na ƙarshe faifai ne mai juyawa da moto, kuma idan mutum ya waiwaya zai ga babi 9 da suka gabata kamar share fage suka yi wa wannan faifan. Da wannan idon na karanta shi, da shi kuma zan auna shi.

Marubuciyar injiniya ce. Ta fara aiki ne a kamfanin Honeybee Robotics, wanda a lokacin yake New York, cikin tawagar da ta ƙera wani ɓangare na Curiosity, motar binciken da hukumar NASA ta harba a Nuwamban 2011, ta sauka duniyar Mars a Agustan 2012. Ɓangaren da ta yi aiki a kansa shi ne na sarrafa samfurin ƙasa: wani zagayayyen mazauni mai ɗauke da ƙananan kofuna 74, wanda ke juyawa ya kawo kofin da ake so daidai inda za a zuba masa garin dutse, sannan a kai shi tanda a gasa a ga abin da ke ciki. Wato faifai mai juyawa ne shi ma, wanda ba shi da damar kuskure domin babu makanikin da zai je ya gyara. Bayan haka ta koyar da wani darasi kan na'urori masu motsi a Jami'ar New York, a sashen da ɗalibansa galibi masu zane ne da masu tsara kaya da masu fasahar kwamfuta. Daga wannan ajin littafin ya fito, kuma ana jin haka a kowane shafi. Ta san tambayar da ɗalibi ke jin kunyar yi, sai ta riga shi amsawa.

Wannan shi ne abu na farko da ya cancanci yabo. Littattafan ƙere-ƙere yawanci kashi biyu ne. Akwai na jami'a, masu cike da lissafin da sai wanda ya shekara uku a aji zai bi. Akwai kuma na “sayi wannan, huda nan, ɗaura can”, waɗanda da zarar ka rasa abu ɗaya cikin jerin kayan, aikin ya tsaya cik domin ba a gaya maka dalilin sa shi ba. Roberts ta bi tsakiya. Lissafinta bai wuce tarawa da ninkawa da rabawa da ɗan ilmin kusurwa ba, amma ba ta yarda ta ce ka sa abu ba tare da ta faɗi aikin da yake yi ba. Ga mai karatu a Kano ko Kaduna ko Damagaram, wanda ba lallai ya samu ainihin kayan da aka ambata ba, wannan ɗabi'ar ita ce ke ba littafin daraja. Wanda ya san dalilin abu ya san abin da zai iya maye gurbinsa.

Babin farko ya bi ta kan sassauƙan na'urorin da duk wani inji ke tattare da su, irin su madogara da fuli da giya mai haƙora da sukuru, abin da aka saba gani. Amma a ƙarshensa akwai wani bayani da nake ganin shi kaɗai ya isa kuɗin littafin. Kowane abu a sarari yana da hanyoyin motsi shida: ya tafi gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, sannan ya juya ta fuskoki uku. Aikin mai ƙira shi ne ya toshe waɗanda ba ya so, ya bar wanda yake so, kuma kada ya toshe hanya ɗaya sau biyu. Faifanmu motsi ɗaya tak muke so ya yi, ya juya a kan tsakiyarsa. Sauran biyar ɗin duk a hana. Idan kuwa mutum ya cika tsoro ya yi ta ƙara madogarai, sai su shiga faɗa da juna, abin ya cije ko ya yi rawa.

Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan a bakin murhu: duwatsu uku ake girka tukunya a kai, kuma ko ƙasar ba ta daidaita ba tukunyar za ta zauna daram, amma da za a ƙara na huɗu sai ta fara tangaɗi. To haka faifan yake. Wanda bai samu babban boris ba, ya ɗora faifansa a kan ƙananan tayoyi, uku zai sa, a raba su daidai da juna, da ƙusa ɗaya a tsakiya da za ta hana shi zamewa. Hankali na raya wa mutum cewa huɗu sun fi ƙarfi. Abin da zai faru shi ne ɗaya cikin huɗun kullum tana lilo a iska, faifan yana ɗan sunkuyawa yana tashi, kuma kyamara ba ta yafe wannan. Abin da ido ba zai lura da shi a kan tebur ba, a allon waya sai ya zama kamar kwalbar turaren tana gyangyaɗi.

Babi na 2 da na 3, na kayan aiki da na haɗa su da sukuru ko gam, suna da amfani, amma kafinta ko mai walda zai wuce su da sauri. Inda littafin ya yi nauyi shi ne babi na 4, kan ƙarfi da gogayya da ƙarfin murɗa. Ƙarfin murɗa shi ne ƙarfin da ka sa, a ninka da nisansa daga tsakiyar abin da ke juyawa. Shi ya sa makanike ke zura faif a sifana idan noti ya ƙi kwancewa. Kowa ya san wannan a aikace, amma kaɗan ne ke tuna shi idan sun je sayen moto. Tambayar da ake yi ita ce “bolt nawa yake ci?” ko “yana da gudu?”, alhali tambayar da ta dace ita ce ko zai iya murɗa abin da za a ɗora masa. Roberts ta koya wa mai karatu ya duba lambobi biyu a takardar bayanin moto: gudunsa lokacin da ba ya ɗauke da komai, da ƙarfin da yake fitarwa a lokacin da kaya ya rinjaye shi ya tsaya. Tsakanin waɗannan biyun ake aiki, kuma moton da aka bari yana nishi kusa da tsayawa zafi zai yi ya ƙone.

Abin da ya ƙara burge ni a babin shi ne ba ta bar mutum da dogaro da takarda ba. Ta nuna yadda za ka auna ƙarfin moto da kanka, ta kuma nuna yadda za ka auna gogayya tsakanin abu biyu da falanki kawai: ka ɗora abin a kai, ka riƙa ɗaga gefe ɗaya a hankali har ya fara zamewa, karkatar da falankin ya yi a wannan lokacin ita ce amsarka. Wanda ya ciro moto daga tsohuwar firinta ba shi da takardar bayani, kuma ba zai samu ba. Gwajin da za a yi da abin da ke cikin gida shi ne nasa. Gogayyar ma fuska biyu gare ta a faifai. A ƙarƙashi, inda yake juyawa, so ake a rage ta iyakar iyawa. A sama, inda kaya ke zaune, so ake ta ƙaru, don kada kwalba ta zame lokacin da moto ya tashi. Ɗan ƙyallen roba ko takarda mai kauri ya wadatar.

Babi na 6 shi ne na moto, kuma shi ne zuciyar littafin. Ta fara da sa mai karatu ya naɗa wayar tagulla ya haɗa nasa ɗan moton da maganaɗisu da batir, don ya ga da idonsa abin da ke sa sandar juyawa. Daga nan ta jero nau'o'in: ƙaramin moton batir irin na motar wasan yara, wanda ke juyi dubbai a minti amma yatsa biyu za su tsayar da shi, irinsa da aka ɗaura wa akwatin giya, aka rage masa gudu aka ƙara masa ƙarfi, moton servo, wanda ake gaya wa kusurwar da zai tsaya, da moto mai taku, wanda ba ya sulalawa, taku-taku yake yi, kowane taku da adadin digirinsa. Sannan ta bi hanyoyin sarrafa su, daga makunni zuwa taransisto zuwa allon Arduino, ɗan ƙaramin allon kwamfutar nan da aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005.

A nan ne mai son faifan ɗaukar hoto zai yanke shawara mafi muhimmanci, kuma littafin ya ba shi abin yanke ta. Gudun da ake bukata kaɗan ne ƙwarai, juyi 2 zuwa 5 a minti. Akwai dabarar rage gudu ta hanyar kunna wuta da kashe ta sau ɗaruruwa a daƙiƙa, ta yadda moto zai ji kamar an rage masa wutar, kuma ta yi bayaninta sarai. Dabarar na da kyau wajen ɗan ragi da ɗan ƙari. Amma idan aka ce da ita za a sauko da moto mai juyi 3,000 zuwa juyi 3, ba zai yiwu ba; zai yi ta kuka bai motsa ba, sannan ya fizga. Giya ce maganin wannan, ko fuli da bel, ko hanyar da na fi so saboda sauƙinta: a sa wa sandar moto ƙaramar tayar roba ta riƙa goga bakin faifan. Lissafin a fili yake. Tayar da faɗinta santimita 3 ne, idan tana tura faifai mai faɗin santimita 30, sai ta juya sau 10 kafin faifan ya juya sau ɗaya. Moto mai giya da ke juyi 30 a minti zai ba ka juyi 3 ke nan, zagaye ɗaya cikin daƙiƙa 20, kuma ƙarfin murɗar ya ninku kusan sau 10. Robar kuma tana shanye ƙaramar jijjigar da haƙoran giya ke yi.

Moto mai taku yana da nasa jan hankalin. Wanda aka fi sani yana yin taku 200 a zagaye, digiri 1.8 kowanne, don haka za ka iya ce masa ya matsa digiri kaza ya tsaya, a ɗauki hoto, ya sake matsawa. Wannan shi ne abin da ake bukata idan hotuna 36 ake so, ɗaya a kowane digiri 10, don a jera su mai saye ya riƙa juya kayan da yatsa, ko a ba manhaja ta haɗa su ta fitar da siffar abin sukutum, kamar yadda gidajen tarihi ke yi wa kayan da suke adanawa. Amma ga bidiyo, takun nan na iya fitowa fili a matsayin karkarwa, sai an yi amfani da allon da ke tsinka kowane taku gida 8 ko 16. Wanda burinsa ɗan bidiyon talla ne kawai, shawarata ya tsaya a moton batir mai giya. Ya fi arha, ba ya bukatar rubuta umarnin kwamfuta, kuma fawa-bankin cajin waya ya ishe shi.

Babi na 7 ya zo da darasin da ya fi kowanne ceton moto. Kaya iri biyu ne ke hawa sandar da ke juyawa: wanda ke danna ta daga gefe, da wanda ke danna ta ta tsawonta. Faifan da aka ɗora wa tukunya yana danna ƙasa ne kai tsaye, kuma ƙananan moto ba a yi sandarsu don ɗaukar irin wannan nauyin ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a huda faifai a cusa shi a kan sandar moto, a bar ta ta ɗauki nauyi kuma ta juya. Zai yi aiki da zobe ko agogo. Ranar da aka ɗora masa takalma ko tulu sai ya karkace. Rabon aikin da littafin ya koyar shi ne boris ya ɗauki nauyi, moto ya yi juyi kawai. Ta kuma yi bayanin mahaɗin da ake sawa tsakanin sanda da abin da take juyawa, musamman mai ɗan lanƙwasuwa, wanda ke yafe ƙaramin saɓanin da ba a rasawa idan hannu ne ya yi huda. Guntun tiyon roba mai kauri yana yin wannan aikin a ƙaramin faifai.

Aikin farko na babi na 10, wanda ta kira Not Lazy Susan, ya tattara waɗannan duka. An gina shi ne a kan faffaɗan boris mai siffar zobe, irin wanda ake sawa a ƙarƙashin faifan tsakiyar teburin cin abinci, aka haɗa masa moto, sannan aka sa masa ido: ɗan ƙwan da ke fitar da hasken da idon mutum ba ya gani, da wata ƙwaya da ke jin wannan hasken, ta yadda mutum zai wulga hannu kawai faifan ya amsa. Ita don teburin baƙi ta tsara shi. Amma mai ɗaukar hoto ya samu abin da bai nema ba, domin taɓa makunni da yatsa yakan girgiza tebur, girgizar kuma ta shiga bidiyo. Faifan da ake tayarwa ba tare da an taɓa shi ba ya kawar da wannan. Sauran ayyukan biyu na babin, fitilar da iska ke kunnawa ta hanyar juya moto mai taku ya zama janareta, da mutum-mutumin da ke zane gwargwadon hasken da ke sauka a kansa, suna da daɗin karatu, kodayake ba su shafi bukatarmu ba.

Yanzu ga inda littafin ya tsaya, mai kyamara kuma dole ya ci gaba shi kaɗai. Ba laifi ba ne a ce littafin ƙira bai yi maganar hoto ba, amma ya kamata mai saye ya san haka. Faifan cin abinci idan ya kauce da milimita 3 ba wanda zai damu. Faifan hoto kuwa, idan kayan bai zauna a ainihin tsakiya ba, zai riƙa yawo hagu da dama a cikin allo. Dabarar ita ce a kunna faifan, a ɗora bakin fensir a kansa a riƙe cik, shi da kansa zai zana da'irar da tsakiyarta ita ce tsakiyar gaskiya. A zana uku ko huɗu masu girma daban-daban, su zama ma'aunin ajiye kaya. Sai batun gudu da adadin hotuna. Yawancin wayoyi suna ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa. Faifai mai juyi 5 a minti yana gama zagaye cikin daƙiƙa 12, hotuna 360 ke nan, digiri ɗaya a kowane hoto, kuma idan aka yanke bidiyon daidai nan, ƙarshensa zai haɗu da farkonsa ya yi ta maimaituwa ba a ga gaɓa ba. Ga abu mai ƙananan zane kamar hula, wannan ya ɗan yi sauri, juyi 3 ya fi ba ido damar karantawa.

Haske ma yana da nasa sharaɗin. Wutar Najeriya da ta Nijar tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Wasu ƙwayayen lantarki, musamman masu arha, suna ƙifce sau 100 a daƙiƙa saboda haka. Ido ba ya gani, amma kyamarar da aka bar ta a ma'aunin da bai dace ba za ta nuna wasu baƙaƙen layuka suna gangarowa. A sa saurin buɗe idon kyamara a kashi ɗaya cikin 50 ko cikin 100 na daƙiƙa, ko kuma a huta da duk wannan a yi aikin a bakin taga da hantsi, da farin ƙyalle a tsakani don ya tausasa hasken. A kuma kulle ma'aunin haske da na saiti a wayar kafin a fara. In ba haka ba, duk sanda gefen kwalba mai ƙyalli ya juyo sai hoton ya dushe, ya wuce kuma ya sake haske.

Babban abin da zan soki littafin da shi shi ne kasuwar da ya ɗauka kowa na da ita. Jerin kayan kowane aiki cike yake da lambobin kaya na kamfanoni irin su McMaster-Carr da SparkFun, waɗanda Ba'amurke zai aika wa oda su kawo masa ƙofar gida. Awon kuma galibi inci ne da ƙafa da laba, alhali sukurun da ke kasuwanninmu da boris ɗin babur da na fanka yawancinsu da milimita aka yi su. Babi na 9, kan yadda ake kai zane a yanka da hasken leza ko a buga shi da firinta mai fitar da abu sukutum, shi ma ya jingina ne da kamfanonin can, kuma shi ne ya fi saurin tsufa, domin wannan fanni ya sauya ƙwarai tun 2010. Haka allunan sarrafa moto: an samu sababbi masu arha da ke tafiyar da moto mai taku kusan ba ƙara. Mai karatu a nan zai tsallake shafuka da dama yana jin ba da shi ake ba. Na so a ce ta ba da fili mai yawa ga ciro kaya daga matattun na'urori, domin ga mafi yawan mutanen duniya wannan ita ce kasuwar. Mu a nan muna da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano, da Katako a Yamai, da 'yan gwangwan a kowace unguwa. Tsohuwar firinta ɗaya tana ɗauke da moto da bel mai haƙora da giya da santsin sandunan ƙarfe da suka isa faifai har da saura.

Haka kuma ba ta daɗe a kan moton da ke cin wutar gida kai tsaye ba, kuma na fahimci dalilinta, ɗalibanta sababbin hannu ne. Amma a wannan rukunin ne moton da ya fi dacewa da faifan hoto yake, wato wanda ke juya farantin gilashi a cikin na'urar ɗumama abinci. Da giyarsa yake zuwa, wutar da yake ci ba ta wuce wat 3 ko 4 ba, kuma a jikinsa sau da yawa za ka ga an rubuta 5/6: juyi 5 a minti a wutarmu, 6 a ta Amurka. Gudunsa a ɗaure yake da bugun wutar, don haka ba ya ƙaruwa ko raguwa da nauyin kaya. Yana da halaye biyu da ya kamata a sani. Da yawansu ba su da alkiblar da suka riƙe, yau su juya dama, an jima hagu, sai an kashe an sake kunnawa har a dace. Kuma a kan ƙaramin janareta, wanda bugunsa ke hawa da sauka, shi ma gudunsa zai riƙa hawa da sauka. Gargaɗin da ba zan sassauta ba shi ne wannan: cikin na'urar ɗumama abinci akwai kafasito mai riƙe bolt wajen 2,000, yana iya riƙe wutar ko bayan an zare fulogi, kuma tana kisa. A bar mai gyaran da ya san aikin ya ciro moton. A karanta jikinsa, domin wasu bolt 220 zuwa 240 suke ci, wasu kuma 21 ko 30 kacal. A rufe wayoyinsa cikin akwatin katako ko roba yadda hannun yaro ba zai kai ba.

Duk da waɗannan, ban ga dalilin rage wa littafin yabo ba, domin giɓin da ya bari da kayan aikin da ya bayar ake cike shi. Wanda ya karanta babi na 4 da na 6 da na 7 da kyau, idan aka miƙo masa moton da bai taɓa gani ba a rumfar mai gyaran rediyo, ya san zai tambayi gudunsa, ya gwada ƙarfinsa, ya duba ko sandarsa za ta jure nauyi ko sai an nemo mata boris. Idan faifansa ya fizga, ya san ya duba ko giyar ce ta yi kaɗan. Idan ya yi layi, ya ƙirga madogaransa. Malaman makarantun fasaha da masu koyar da yara haɗa na'urori za su same shi a shirye don aji, tun da a aji aka haife shi. Mai sana'ar da Turancinsa bai yi ƙarfi ba kuwa, zane-zanen da hotunan za su kai shi nesa, sauran ya nemi ɗa ko ƙane ya karanta masa babi ukun nan, su zauna tare da fensir su mai da incin milimita, inci ɗaya milimita 25.4, kafin su tafi wurin kafinta a yanko musu faifan.